Nasiha ga Malamai da 'Yan Kasuwa a kan Ƙwayoyin Bitamin

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci jiki, ya sanya abin da zai tsayar da shi a cikin abinci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan nasiha ce a kan wata haja da ta cika kantuna da tashoshin mota, watau ƙwayoyi da ruwan kwalba da a ke kira bitamin, ko maganin ƙarin jini, ko na ƙarin ƙarfi. Jama'a sun rabu biyu a kansu: waɗansu sun ɗauke su warakar kowace cuta, waɗansu kuwa sun ce duk damfara ce. Dukkansu sun kauce hanya. Magana madaidaiciya ita ce, bitamin ciko ne, ciko kuwa ba ya amfani sai inda akwai giɓi.

Asalin saninsa ma daga rashi ya faro. A da, ma'aikatan jirgin ruwa da su kan daɗe a teku ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, sai dasashinsu ya kumbura, haƙora su yi ta girgiɗi, da yawa su mutu. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwa na Birtaniya, James Lind, ya ware marasa lafiya 12, ya kasa su bibbiyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da su ka sami lemo su ne su ka farfaɗo. Sai a 1912 wani masani ɗan ƙasar Polan, Casimir Funk, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna. Jiki yana bukatarsu ƙanƙane ƙwarai, tare da ma'adinai kamar ƙarfe da aidin da zinki. In sun yi ƙaranci cuta ta bayyana, in an mayar da su ta kau.

To, ina giɓin ya ke a ƙasar Hausa? Na farko, ga yara ƙanana. Rashin bitamin A yana kawo dundumi, yana iya kai yaro ga makanta, yana kuma tsananta masa ƙyanda da gudawa. Don haka ne ma'aikatan lafiya su ke ɗiga wa yara shi a baki kamar sau biyu a shekara: shuɗiyar ƙwaya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya kai shekara har zuwa biyar. Na biyu, ga mata masu ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni su sha ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum, tare da folik asid, wanda in an sha shi kafin shigar ciki da farkonsa ya kan rage haihuwar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya. Na uku, maƙoƙo, wanda mafi yawansa rashin aidin ke kawo shi. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri. Na huɗu, yaro mai gudawa, da a ke ba shi zinki kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Waɗannan duk an jarraba su an ga fa'idarsu. Malamin da ya hana iyalinsa su, ko ya zuga jama'a su ƙi, lalle ya ɗauki alhaki mai nauyi.

Amma ƙaton da ke cin tuwonsa da miya da wake, ba abin da ke damunsa sai gajiyar kasuwa, kwalba ba za ta ƙara masa kome ba. Tulun da ya cika, duk abin da a ka ƙara zubewa ya ke yi. Bitamin C da yawancin jinsin B, rararsu fitsari ke fitar da ita. Rawayan fitsarin da masu talla ke cewa alamar magani ya kama jiki, ba wani abu ba ne face bitamin B2 da jiki ya yar.

Da asarar kuɗi ce kaɗai, da da sauƙi. Bitamin A da D ba su fita haka, taruwa su ke yi a jiki. Yawan A yana ɓata hanta, yana kuma nakasa ɗan tayi. Yawan D yana cutar da ƙoda. Ƙwayar ƙarfe guba ce ga yaron da ya tsince ta ya haɗiye da yawa. A ƙasar Finlan an yi gwaji da mashaya taba kusan 29,000, a ka ba rabinsu wani sinadari da jiki ke mayarwa bitamin A, da zaton zai kare su. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda su ka sha. Haka kuma mai ƙarancin jini, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki ko zubar jini ke cinye shi. In ya dogara ga kwalbar tasha bai je an auna shi ba, ya zama mai zuba ruwa a kwando.

Sa'an nan ga mas'alar inganci, wadda ta fi shafar 'yan kasuwa. Mai sayen gero ya kan damƙa ya duba, mai sayen yadi ya kan murza. Mai sayen bitamin kuwa cinikin biri a sama ya ke yi, don ba ido ba harshe da zai gaya masa abin da ke cikin ƙwaya. Tsada ba shaida ba ce, sunan ƙasar waje ma ba shaida ba ne. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa masu yin irin wannan kaya su tabbatar da amfaninsa kafin su kai kasuwa ba. A Nijeriya hukumar NAFDAC, da a ka kafa a 1993, ita ke rajistar magani ta ba shi lamba, amma lambar ma maha'inta su kan kwaikwaya. Kai, ko na ƙwarai ne, zafi da rana da laima suna rage masa ƙarfi. Kwalbar da ta yi wata da watanni a kan faranti a tsakar rana, sunanta ne ya saura.

Malamai sun sani, Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus a ciniki, da yaudara, da ɓoye aibi, da gauraya mummuna da kyakkyawa. Sun kuma san abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu. Ƙwayar da a ka rubuta mata ma'auni alhali babu shi a ciki, tauye mudu ce, sai dai a nan lafiyar mutum a ke tauyewa. Saboda haka ya wajaba ga ɗan kasuwa ya sari kaya daga dillalin da a ka sani mai lasisi, ya duba lamba da ranar ƙarewar aiki, ya ajiye a inuwa, ya zubar da wanda ya ƙare. Kada ya ce yana maganin abin da ba ya magani. In mai ciki ta zo, ko uwar yaro, ya tura ta asibiti. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ribar da a ka ci da ita kuwa ba ta albarka.

Magidanci kuma ya yi lissafi. Kuɗin kwalba guda ya isa ya sayi abin da ya fi ta: hanta, manja, zogale, kabewa, gwanda da mangwaro don bitamin A; gwaiba, lemo da garin 'ya'yan kuka don bitamin C; nama, wake da gero don ƙarfe. Shayi a kan abinci yana rage shigar ƙarfe jiki, lemo yana taimakonta. Gishiri mai aidin a rufe shi, kada a bar shi a rana. Malamin tsangaya da ya kula da abin da ke shiga kwanon almajiransa ya fi wanda ya raba musu ƙwayoyi.

Wanda likita ya auna ya ce yana da giɓi, ya sha da ƙa'ida, ya gode wa Allah. Wanda ba shi da shi, ya kai kuɗin cefane. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da halal, amin. Haza wassalam.