Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Farashi da Darajar Tsofaffin Motocin Daji

A hutun da ya gabata na je gaisuwar rasuwa wani gari, sai hanya ta bi da ni ta bayan wani tsohon ofishin malaman dabbobi. A gindin wata bishiyar darbejiya na ga wata tsohuwar Land Rover a durƙushe, babu taya ko ɗaya, kaji sun mayar da gidan gabanta akurki. Dattijon da ke gadin wurin ya ce da ni 'yan gwangwan sun sha zuwa taya ta, abin da ya hana a sayar kawai shi ne an rasa wanda zai sa hannu a takarda. Na yi masa sallama na wuce, amma motar ba ta bar raina ba, domin na san cewa a Ingila da Amurka 'yan'uwanta sun zama kayan gwanjon attajirai. Tambayar da nake so mu duba a wannan mako ita ce: me mutum yake saye idan ya zuba dukiya a kan motar da ta girme shi, kuma me wannan ciniki yake gaya mana game da abin da muke yasarwa?

Bari mu fara da asali. A shekarar 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover ta farko a bajekolin motoci na birnin Amstadam, aka sa mata farashin fam 450. An ƙera ta ne domin manomi. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyom, aka ɗora shi a kan shasin ƙarfe mai siffar tsani. A Japan kuma kamfanin Toyota ya fara tasa motar a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, sannan ya fito da samfurin nan mai lamba 40 a 1960, wanda ya ci gaba da ƙerawa a Japan har zuwa 1984. Ford na Amurka ya biyo baya da Bronco a 1966. Dukkansu motocin wahala ne: kujera mai tauri, sitiyari mai nauyi, ƙarar inji da ke hana hira. Ba wanda ya saye su don ado.

Yau labari ya sha bamban. A watan Disamba na 2015, ana dab da daina ƙera samfurin Defender, an yi gwanjon motar da ta cika ta miliyan biyu a Landan, ta tashi a kan fam 400,000. A watan Janairu na 2016 ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull. Shekara biyu bayan haka, kamfanin da kansa ya tattaro tsofaffin Defender, ya sa musu babban inji mai silinda takwas, ya ce guda 150 kacal zai yi, kowace daga fam 150,000 zuwa sama. A Amurka kuwa akwai kamfanoni irin su ICON a jihar Kalifoniya da FJ Company, wanda ke da gareji a ƙasar Kolombiya, da suke sabunta tsofaffin Land Cruiser, ana sayar da wasunsu a kan dala 200,000 ko fiye. Idan aka juya wannan zuwa kuɗinmu, ɗaruruwan miliyoyin naira ake magana.

Mai karatu zai iya cewa wannan almubazzaranci ne kawai. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kafin mu yanke hukunci ya kamata mu warware farashin, mu ga abin da ke cikinsa.

Kaso mafi girma kuɗin aikin hannu ne. Sabuntawa ta gaskiya takan fara da raba jikin mota da shasinta, a kwance komai har kusa ta ƙarshe. A kankare tsatsa, a yanke inda ya ruɓe a yi walda, a tsoma shasi a narkakken zinki domin kada ya sake tsatsa, ko a sa sabo gaba ɗaya. A sake inji da giya, a ja sababbin wayoyin lantarki, a yi fenti, a ɗinka kujeru. Land Rover tana da nata ciwon na daban: duk inda alminiyom ya haɗu da ƙarfe kuma danshi ya shiga, sai alminiyom ɗin ya riƙa cinyewa kamar gari. Aikin yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, a ƙasashen da ladan bakanike na awa ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Saboda haka mai sayen irin wannan mota lokacin gwanaye yake biya, ƙarfen kuwa gyara ne aka yi masa a kan ciniki.

Abu na biyu shi ne ƙaranci, kuma wani ɓangare na ƙarancin doka ce ta haifar da shi. Amurka tana da doka tun 1988 da ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojinta ba, sai idan ta cika shekara 25. Defender kuwa tsakanin 1993 da 1997 kaɗai aka sayar da ita a hukumance a can, 'yan dubbai ƙalilan. Da masu so suka yi yawa, kaya suka yi kaɗan, sai farashi ya hau, dillalai kuma suka bazama duniya neman waɗanda suka kai shekarun da doka ta yarda. Inda riba ta yi yawa kuwa ba a rasa algus. A 2014 jami'an gwamnatin Amurka sun kama kimanin Land Rover arba'in bisa zargin an liƙa wa sababbin motoci lambar shasin tsofaffi, ko da yake daga baya an mayar wa masu su da dama.

Abu na uku ba ya hawa sikeli, shi ne begen jiya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Motar zamani ta cika da kwamfuta, idan ta tsaya sai an nemo na'urar da za ta karanta ciwonta. Tsohuwar kuwa mutum yana buɗe gabanta ya ga komai da idonsa. Wanda ya yi ƙuruciya yana kallon irin motar a gonar kakansa, yau ya zama mai hali, yana sayen ƙuruciyarsa ne. Masu sana'ar sun fahimci haka sarai, shi ya sa tallarsu ta fi dogara ga hoton hamada da tsauni fiye da bayanin inji.

Su kansu masu sha'awar sun rabu gida biyu. Na farko sun ce a mayar da mota daidai yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da irin kusoshi, domin a wurinsu darajarta tana ga asalinta. Na biyu sun ce idan kana da kyau ka ƙara da wanka: a bar siffar waje, a sa sabon inji, birki mai faifai, sitiyari mai sauƙin murɗawa da na'urar sanyaya ɗaki, wasu ma har su cire injin mai su sa na lantarki. Kowane yana da hujja. Tsohon birki ba ya tsayar da mota da wuri a cunkoson titin yau, wannan gaskiya ne. Amma kuma wanda ya ɗora inji mai ƙarfin doki 400 a kan siffar da aka fara da doki 50 bai sauya tsayin motar da saurin kifewarta a kwana ba, bai kuma ba ta kariyar da sabuwar mota ke bai wa fasinja idan an yi karo ba. Ai tsauraran ƙa'idojin hayaƙi da na kare rayuka suna cikin abin da ya kawo ƙarshen tsohuwar Defender tun farko.

Ga wanda yake kallon abin a matsayin jari, shawarata ita ce ya yi hattara. Sanannen abu ne a wannan sana'a cewa kuɗin sabunta mota sau da yawa yakan zarce abin da za a saye ta bayan an gama. Motocin da ke tashi da tsada a gwanjo su ne masu tarihi a rubuce, waɗanda lambar inji da ta shasi suka dace da takardunsu, ko waɗanda suka fito daga garejin da sunansa ya riga ya zama hatimi. Wadda aka gyara bisa son ran mutum ɗaya kuwa, sai an dace da mai irin ransa kafin ta mayar da kuɗinta. Kasuwar da sha'awa ke riƙe da ita tana iya sanyi da zarar masu sha'awar sun tsufa.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, labarin da ake sayarwa a can, a ƙasashe irin namu aka rubuta babban ɓangarensa. Land Rover ce ta kai malaman dabbobi rugage, ta kai malaman asibiti da 'yan sanda ƙauyukan da ba su san kwalta ba. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki dakarun Libiya masu tankoki a kan akori-kurar Toyota, har duniya ta raɗa wa yaƙin sunan kamfanin. Har gobe direbobin Agadas da motocin Toyota suke keta Tenere. Busasshiyar iskar Sahel kuma ba ta cin ƙarfe kamar danshin Turai da gishirin da suke zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, ko da yake lodi da ramuka sun karya shasin da yawa daga cikin namu. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin da suka shigo bayan nan suna da sitiyari a hagu, irin wanda kasuwar Amurka take so. Amma duk da haka makomar mafi yawansu ita ce a auna su a kilo, a narka alminiyom ɗinsu a zuba tukwane.

Ba ina cewa kowa ya fita farautar kangon mota da fatan zama attajiri ba, mafi yawansu sun wuce gyara. Abin da nake kira a kai abu uku ne. Na ɗaya, hukumomin da ke da irin waɗannan motoci a ajiye su sa masani ya duba su kafin a yi gwanjonsu, a kuma keɓe kaɗan domin gidajen tarihi, tare da takardun aikin da suka yi. Na biyu, kwalejojin fasaha su dubi sana'ar sabunta mota da idon basira. Idan gareji a Kolombiya zai iya yin aikin da attajirin Amurka zai biya, ban ga abin da zai hana masu walda da fenti na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba. Basira suna da ita, abin da ya rage shi ne awo na ƙa'ida, haƙurin kammala aiki, da rubuta kowane abin da aka yi wa mota, domin a wannan kasuwa amana ita ce rabin farashi. Kayan gyara ma ba su yanke ba, tunda kamfanin Toyota da kansa ya sanar a 2021 cewa zai sake ƙera wasu sassan samfurin 40.

Na uku kuwa ya shafi kowa. Attajirin da ya sayi irin wannan mota da wuya ya shiga laka da ita, don gudun kada fenti ya kuje. Direban da ke kai marasa lafiya daga ƙauye da damina a cikin tsohuwar Land Cruiser, wadda ba za ta yi kuɗin tayoyin waccan ba, shi ne yake cin moriyar abin da aka ƙera ta dominsa. Farashi na wurin na farko, daraja na wurin na biyu, kuma ya kamata matasanmu su iya rarrabe su kafin hotunan intanet su koya musu akasin haka.

Na bar wa dattijon nan mai gadi saƙo cewa idan har an samu mai sa hannu, a taimaka a rubuta lambar shasin motar da shekararta kafin guduma ta hau kanta. Allah Ya sa saƙon ya isa. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.