Magana a kan wanda hankalinsa ya komo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma ba'du.

Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, ku sani akwai wani zalunci cikin ƙauyukanmu wanda muka saba da shi har mun daina ganinsa. Mutum ya yi ciwon hauka, Allah ya ba shi sauƙi, ya komo gida da hankalinsa, amma gari ya ƙi karɓarsa. In ya yi magana a dandali, a yi dariya. In ya nemi aure, a ce gidansu akwai abin. Ran Alhamis ya kai akuyarsa kasuwar Maigatari, dillali ya juya ya yi ciniki da ƙanensa. Gonar da ya gada kuwa, wadda 'yan'uwa suka riƙe da sunan tsarewa, shiru kake ji.

To, wannan daga wane littafi? Ku da kuka karanta Risala da Muhtasar kun san hauka ba ya hana gado. Waliyyi mai tsaron dukiya ne, ba mai ita ba ne; ranar da hankali ya komo, sai a miƙa wa mai abu abinsa. Salla ma ta komo wuyansa. Wanda shari'a ta kira zuwa sahu, wa ya isa ya tura shi bayan zaure? Mace ta fi shan wuya: ciwon ya kama ta a jego, a sake ta, a raba ta da jaririnta, alhali irin wannan ciwo yana jin magani.

Wanda bai warke ba kuma, mari muke sa masa. A 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Ƙarfe bai taɓa warkar da kowa ba. Akwai asibitin wannan ciwo a Kazaure, yamma da mu, akwai kuma na Dawanau a Kano. Addu'a ba ta hana zuwa can.

Ku dubi abin da Likita Lambo ya yi a Aro, kusa da Abeokuta, tun 1954. Ya saukar da marasa lafiya cikin gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin mutane. Hukuma ma, a 2023, ta sa hannu ga sabuwar doka a madadin ta 1958, ta hana a nuna musu bambanci. Sai dai doka ba ta zuwa dandali, liman ne ke zuwa.

Saboda haka muna roƙon limamai da dagatai, kafin shuka ta bana, su binciki kowace gona da aka riƙe wa wani don rashin lafiya, su kira shi gaban shaidu biyu, su tambaye shi ko zai noma.

Wassalamu.