Gidauniyar Waya: Wa Ke Riƙe da Asusun?

Ya 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, lokaci ya yi da za mu dubi wannan sabuwar gidauniya da ta mamaye wayoyinmu.

A da, in ƙungiyar ci gaban gari a ƙasar Zuru za ta gina aji ko ta haƙa rijiya, sai a kira taro, a naɗa ma'aji, a karanta sunan kowa da abin da ya bayar a bainar jama'a. Ba mu manta da alfaharin masu hannu da shuni a irin wannan taro ba, amma dai akwai littafin lissafi, akwai kuma wanda za a tuhuma. Yau fa? Hoton majiyyaci, lambar asusun Opay ko Moniepoint, sai a watsa a WhatsApp da Facebook. Kafin magariba kuɗi sun taru. Nawa aka samu? Asusun wane ne? Wanda ya yi tambaya sai a ce ba shi da tausayi!

Ba mu musanta cewa ana ceton rayuka ta wannan hanya ba. Amma wa ake ceto? Wanda ke da ɗan'uwa mai mabiya a intanet. Manomin Danko-Wasagu ko Sakaba da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, wanda ba shi da waya balle mai ɗaukar hotonsa, shi kam ko oho.

Abin da ya fi ciwo na nan maƙwabtanmu. A watan Yunin 2021 aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Janairun 2023, iyayen 'yan mata 11 da suka rage a daji suka fito suna roƙon jama'a a tara masu naira miliyan 100 na fansa. Wa zai zargi uwa? Amma talakan da ya biya haraji domin a tsare shi, shi ne kuma aka bari ya biya ɓarayi, hukuma tana kallo.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai: kada ta sake watsa wani roƙo sai da asusu mai sunan ƙungiya, da masu sa hannu biyu, da lissafin da za a manna a allon sanarwa bayan an rufe gidauniya.