Daga Bauci Zuwa Fadama, A Kan Keke Da Ƙafa

Duk mutumin Bauci da ya taɓa zuwa Ikko ya ga wani irin ruwa da babu kamarsa a Arewa, watau ruwan nan mai faɗi da ke kwance bayan gaɓar teku, wanda tudun yashi ya tsare shi. Shi ba kogi ba ne, ba kuma teku ba ne. Da damina, idan koguna suka cika suka zubo, sai ya yi daɗi. Da rani kuwa teku ya turo nasa, sai gishiri ya rinjaya. Irinsa ne a Badagiri da Efe, haka kuma a Keta da Ada cikin ƙasar Gana, inda rana ke ƙafar da ruwan ta bar gishiri fari fat ana kwasa. A ƙasashen Turai mutane sukan ɗauki hutu musamman domin su zagaya irin waɗannan wurare a kan keke, ba don komai ba sai kallon tsuntsaye da shan iska.

To, Bauci ba ta da teku, tsakaninta da shi tafiya ce mai nisa. Amma Allah bai hana ta ruwan kwance ba, kuma abin mamaki shi ne, yawancin samarin garin sun fi sanin labarin ruwan Ikko da na ƙasarsu.

Wanda ke son ya fara, ba sai ya yi guzuri mai yawa ba. Madatsar ruwan Gubi, wadda ke shayar da birnin, tana arewa da gari, kuma mai keke da ya fita bayan sallar asuba zai kai kafin rana ta yi zafi. Can zai tarar da masunta da kwale-kwalensu, da masu lambu a gefen ruwa, da balbela da zalɓe suna kiwo. Wannan gwaji ne kawai na ƙafa da na taya. Yankari kuwa, wadda aka keɓe cikin 1956 aka buɗe wa jama'a cikin 1962, tana da fadamar kogin Gaji da ruwan ɗumi na Wikki, amma fa ba wurin yawon keke ba ce. Dajin da giwaye ke ciki, mai hankali ba ya shigarsa sai cikin mota tare da ma'aikatan gandu.

Ainihin tafiyar tana arewa maso gabas. Idan aka bi hanyar Darazo, aka kai mararrabar Kari, aka karkata zuwa Misau, akwai tafkin Maladumba da kurmin da ke kewaye da shi. Cikin 2008 aka shigar da shi jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran cikin 1971. Tafki ne marar zurfi, yana cika yana janyewa bisa ga damina, kuma ƙauyukan da ke gefensa da shi suke rayuwa, su kama kifi, su shayar da dabbobi, su yi noman rani. Mai mota yakan wuce ta Misau bai ma san da shi ba. Mai keke ne ke iya sauka daga kwalta ya bi turbar shanu, inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, inda laka ta fara ya jingine keken a gidan mai unguwa ya ci gaba da ƙafa.

Daga nan sai babbar magana, watau kogin Jama'are. Wannan kogi yana tasowa daga duwatsun ƙasar Jos, a sama ana kiransa Bunga, ya ratsa Jihar Bauci ta wajen Ningi da Jama'are da Katagum. Da ya bar ƙasar duwatsu ya shiga ƙasar yashi, sai ya rasa gaɓa, ya rarrabu, ya malala ko'ina, shi da kogin Haɗeja, kafin su haɗu a wajen Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuwa tafkin Cadi. Wannan malala ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. Tsofaffin tuddan yashi da iska ta tara tun zamanin da, su ne ke raba ruwan gida-gida, har ya zama tafkuna da ƙoramu da tsibirai. In dai kamannin ruwan Ikko ake nema a Arewa, to, ga shi nan.

Wanda ya shiga wurin tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu zai ga abin da ba ya mantuwa. Ruwa ya fara janyewa, an yanke shinkafa, manoma suna bin danshi suna shuka wake. Masunci ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora yana iyo da shi, yana jan koma, tarwaɗa da karfasa suna shiga. Inda ruwa ya ƙafe sarai, yara suna tonon gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka ya jira wata damina. Mata suna cirar bado, wasu suna yankan kaba. Fulani kuma sun gangaro da shanu daga tudu. Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani: dinya da kirinjijiya da jinjimi, ga kuma baƙi, watau ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu waɗanda ke gudun sanyin Turai da Rasha, su ƙetare Hamada su sauka nan, su koma idan bazara ta gabato. Saboda su ne Duke na Edinbara, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona cikin 1989, kuma tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Nijeriya ta shigar cikin jerin Ramsar, cikin 2000.

Gishiri fa? Shi ma akwai ɗan'uwansa. A wasu kwaruruka, idan ruwa ya ƙafe, sai ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Kanwa ce ke tsatsowa, ana kankarewa a kai kasuwa, dabbobi kuma suna lasa. Can arewa, a ƙasar Manga cikin Jamhuriyar Nijar, da irin wannan ƙasa ake yin mangul: a tace ta da ruwa, a dafa ruwan a tukwane har ya daskare. A kudu kuwa, a Awe da Keana, mata ne ke tace ƙasar fadamar gishiri su dafa. Kafin gishirin Turawa ya cika kasuwa, fatake da jakuna ne ke ɗauko waɗannan su rarraba a kasuwannin Arewa, kuma da ƙafa suka yi dukan wannan tafiya.

Sai dai fadamar ba ta cikin ƙoshin lafiya. Cikin 1974 aka gama madatsar Tiga a Kano, cikin 1992 aka gama ta Calawa, su biyun kuwa suna riƙe ruwan da da can yake gangarowa Haɗeja. Ga kuma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ta ragu, maimakonta sai ruwa kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa, wanda shi ne abin da kacala ke so. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama gidan jan-baki mai cinye hatsi. Sai ka ga wani gari ruwa ya ci gonakinsa, maƙwabcinsa kuwa yana kukan ƙishirwa.

A nan ne Bauci ta shigo cikin maganar da gaske. Kogin Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a datse ba, kuma shi ke ɗauke da yawancin ruwan da ke isa Gashuwa. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa, cikin ƙasar Ningi. Aka tsaya cikin 1984, aka sake tasowa cikin 1992, aka sake tsayawa, cikin 2008 kuma aka sake ta da maganar. Mutanen Bauci suna da hujja: suna son noman rani da aikin yi ga 'ya'yansu, kuma sun ga abin da Kano ta samu a Kadawa. Mutanen Yobe da Borno su ma suna da tasu, don kuwa abincinsu ne ake magana a kai. Masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, in aka haɗa kifi da shinkafa da itace, bisa ga wanda aka tsare domin manyan gonakin ban-ruwa. Wannan ba ya nufin kada Bauci ta taɓa koginta har abada. Amma bai kamata a yanke hukuncinsa a ofis ba, a bakin waɗanda ba su taɓa taka lakarsa ba. Ɗalibin jami'a ko ma'aikacin gwamnati da ya yi kwana uku yana tura keke tsakanin Katagum da Gashuwa ba zai sake ɗaukar ruwan da ya wuce jiharsa a matsayin ruwan da ya tafi a banza ba.

Wanda ya yi niyya, ya tafi da hunturu, lokacin da hanya ta bushe tsuntsaye kuma suna nan. Ya riƙe famfo da sholisho da abin faci, gama tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa raga wa taya. Ya ɗauki gidan sauro da ruwan sha, kada kuma ya yi wanka a ruwan kwance, saboda tsargiya. Kowane gari ya shiga, ya fara gai da dagaci ko bulama, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya tambayi lafiyar hanyar da ke gaba, don tun daga 2009 sha'anin tsaro a Arewa maso Gabas ya zama abin da matafiyi ke bincikawa kafin ya tashi. In ya isa bakin ruwan da ba shi da gada, masu fito suna ɗaukar mutum da kekensa, sai dai a yi ciniki tun ana kan tudu.