BA KOWANE RAUNIN ƘAFA NE SHAN INNA BA

A 2020 aka shaida Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Amma har yau, daga Kakuri zuwa Barnawa, in ƙafar yaro ta yi rauni sai a ce inna ce, ko iska.

To, jama'a, akwai wata cutar gado, Duchenne, mai cin tsokar yara maza tun suna shekara 3 zuwa 5. Yaro ya riƙa faɗuwa, sha-raɓarsa ta yi kauri, in zai tashi sai ya dafa cinyoyinsa.

A 1980 likitoci biyu a Landan, Heckmatt da Dubowitz, suka nuna cewa na'urar nan ta hoton cikin masu juna biyu tana iya duba tsoka. Lafiyayyar tsoka duhu take fitowa, wadda kitse ya maye kuwa fari. Ba allura, ba zafi. Tana kuma nuna kumburin jijiyar mai kuturta. Ba ta hana gwajin jini, amma tana nuna wa likita inda zai nufa. Cutar ba ta warkewa, sai dai magani da motsa jiki da wuri suna ƙara wa yaro shekarun tafiya da ƙafarsa.

Saboda haka muna roƙon Gwamnati ta horar da masu aiki da na'urar su ƙware wajen duba tsoka. Ku kuma malamai, ku ke ganin yara kullum. Wanda ya kasa gudu, kada a ce rago ne. A kira ubansa, a kai shi asibiti.

Allah ya sa a ji.