AIKIN MALAMI BAI TSAYA GA ALLI DA ALLO BA

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da Shagamu, musamman mutanen Nguru da Gashuwa da Dagona masu fataucin kifi da shanu, yawancinku kun baro 'ya'ya a makarantun kwana na gida. Kuɗin makaranta kuna aikawa, amma wa ke duba abin da ke cikin zuciyar yaron? Amsa ita ce malaminsa, domin shi ke ganinsa safe da yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma a lissafin 2021 wannan shi ne na uku cikin abubuwan da ke halaka 'yan shekara 15 zuwa 29. Yaran Jihar Yobe kuwa sun taso da nauyi na daban. An kashe 'yan makaranta a Mamudo cikin 2013, da Buni Yadi da Potiskum cikin 2014, sa'an nan aka sace 'yan mata 110 a Dapchi cikin Fabrairun 2018. Ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Bade. A haɗa da faɗuwa jarrabawa, da auren dole, da shan ƙwaya, sai a ga tulin ya yi wa ƙaramin wuya yawa.

To, me malami zai lura da shi? Yaro mai fara'a ya koma shiru. Ya daina cin abinci da barci. Makinsa ya zube ba dalili. Ya shiga rabar da kayansa yana neman gafarar abokai. Yana cewa mutuwa ta fi masa, ko shi kaya ne ga iyayensa. Irin wannan magana ba a ɗaukarta wasa.

Maganin ba bulala ba ne, ba kuma tozartawa a gaban aji ba. Malami ya ja shi gefe, ya saurara, ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a yi masa alkawarin rufa asiri. A kulle maganin ƙwari da sauran magunguna, a sanar da shugaban makaranta da iyaye a ranar, a kai shi asibiti. Akwai Asibitin Tarayya na Nguru, akwai na ƙwaƙwalwa a Maiduguri. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ke sa a ɓoye shi ne kunya da tsoron hukuma, domin sashe na 231 na Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin har shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin. Ghana ta soke irin wannan hukunci cikin 2023, shekarar da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya. Mara lafiya likita yake bukata, ba gidan yari ba.

Ku kuma iyaye da ke nan kurmi, ku karɓi lambar malamin ajin ɗanku. In ya kira ku, kada ku ce sai an zo sallah. Allah Ya kiyaye mana zuriya, amin.