Farin da ke cikin idon jariri ba abin jira ba ne

'Yan'uwa matasa, duk manomin da ke Bichi, Dambatta ko Tsanyawa ya san ba duk geron da ya tsiro a rami ɗaya ake bari ba. Idan aka zo noman farko, sai a cire wasu domin sauran su yi ƙwari. Haka ido yake ginuwa a cikin mahaifa: ana ƙari, ana kuma ragi.

Ido yakan fara fitowa tun mako na 4 da samuwar ɗan tayi. Ƙwayoyin halitta suna ta rabuwa suna yawaita, amma da yawa cikinsu an tsara musu su mutu a kan kari. Jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa takan fara da zare sama da miliyan 3, daga baya ta dawo wajen miliyan 1. Akwai kuma wata jijiyar jini da ke ratsa tsakiyar ido tana ciyar da gilashin cikinsa. Da aikinta ya ƙare sai ta ɓace kafin haihuwa, don kada ta tare haske. Shi kansa gilashin, ƙwayoyin tsakiyarsa sukan zubar da kayan cikinsu domin ya zama garau.

Matsala takan zo idan wannan tsari ya karkace. Wani lokaci jijiyar jinin nan ta ƙi ɓacewa. Wani lokaci a haifi jariri da yana a ido. Mafi haɗari, ƙwayoyin tantanin bayan ido su ƙi daina rabuwa, su zama sankarar da likitoci ke kira retinoblastoma. Takan sami kusan jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, galibi kafin shekara 5. Dukan ukun nan suna iya nuna alama guda: baƙin tsakiyar ido ya riƙa ƙyallin fari kamar idon kyanwa da dare.

A ƙasashen da ake gano sankarar nan da wuri, sama da yara 9 cikin 10 suna rayuwa. A wajenmu kuwa yara da yawa ba sa isa asibiti sai ido ya kumbura ya fito waje, cutar ta riga ta bazu. Ita ma yana, idan aka daɗe ba a cire ba, ƙwaƙwalwar yaro ba za ta koyi gani da wannan ido ba, ko da an yi aikin daga baya.

Don haka ra'ayina a fili yake: ranar da aka ga fari, ranar ce ta shirin tafiya. Kada a ɗiga nono ko ruwan ganye, kada a ce sai an gama girbi. Na san kuɗin mota da na asibiti ba wasa ba ne ga gidan da ke jiran amfanin gona. Amma wannan aikin ikilisiya ne, ba na uwa ita kaɗai ba. Mu yi addu'a, mu kuma haɗa kuɗin mota, gama addu'a ba ta hana zuwa wurin likita. Asibitin Ido na ECWA yana nan a Kano tun 1943, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ku matasa, wayoyi suna hannunku. Idan kuka ɗauki hoton ƙananan yara da hasken kyamara, ku duba idanunsu da kyau. Ja a tsakiyar ido duka biyu ba laifi. Fari a ido, ko idon da ya karkace ya ƙi daidaituwa, ku gaya wa iyaye a ranar, ku kuma raka su asibiti.